Abin da tsoka ke ji idan hannun mai tausa ya rage gudu

Ka ɗauko ƙullun kamu da ya kwana ya kwanta a gindin roba, ka tsiyaye ruwan sama. In ka daka masa cokali da ƙarfi, zai tsaya maka kamar sabulu. In ka aza cokalin ka bar shi da nauyinsa, sai ka ga yana nutsewa har ƙasa. Ƙullu ɗaya, cokali ɗaya, gudun hannu ne kawai ya sauya. Masu tausa suna cin karo da irin wannan a kafaɗar mutane kullum, sai dai dalilin da ke jikin ɗan Adam ya fi na ƙullu zurfi. Tsoka tana da masu gadi, kuma suna auna saurin hannu kafin su auna nauyinsa.

Aikin da ake magana a kai ya haɗa tausa irin wadda muka sani, da gashin ƙashi na asibiti, da wasu hanyoyi da suka taso a Turai da Amurka a ƙarni na 20. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, Thomas Hanna, shi ya yayata musu sunan "somatiks" a shekarun 1970, daga kalmar Girkanci "soma", yana nufin jiki kamar yadda mai shi ke jinsa daga ciki. A cikin dangin akwai hanyar F. M. Alexander, ɗan wasan kwaikwayo daga Ostireliya wanda muryarsa ke dushewa a kan dandamali, da ta Ida Rolf, da ta Moshe Feldenkrais. Almajiransu sun saɓa a abubuwa da yawa, har da gori a tsakani. Inda suka yi tarayya shi ne a hana hannu gaggawa.

A fara da masu gadin. A cikin kusan kowace tsokar da ke motsa gaɓa akwai wasu ƙananan na'urorin ji, tsawonsu 'yan milimita, kwance a tsakanin zaren tsokar. Masu kauri ne a tsakiya, sirara a baki biyu, shi ya sa aka raɗa musu sunan mazarin kaɗi. Mazarin tsoka yana kai wa laka rahoto iri biyu: tsawon da aka ja tsokar, da saurin da aka ja ta. Rahoto na biyun ne mai kaifi. In jan ya zo kwatsam, laka ba ta jiran shawarar ƙwaƙwalwa, nan take take umartar tsokar ta ɗaure. Shi ne abin da kake gani idan likita ya ɗan buga gudumar roba a ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta yi harbi. Daga bugun zuwa ɗaurewar tsokar bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Babu wanda ya isa ya hana shi da niyya, komai yawan "saki jikinka" da za a faɗa masa.

Inda aka fi ganin wannan ƙarara shi ne a jikin mai shanyewar ɓarin jiki. Ka kama hannunsa da ya lanƙwashe a ƙirji, ka fizge shi don ya miƙe: bayan ɗan tafiya kaɗan zai cije, kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Ka maido shi, ka tallabi gwiwar hannun da tafinka ɗaya, ka riƙe wuyan hannun da ɗayan, ka buɗe shi cikin sakan goma ko goma sha biyar. Sau da yawa zai wuce wurin da ya cije ɗazu ba tare da gardama ba. Likitan jijiya James Lance, a ma'anar da ya bai wa wannan sandarewar a 1980, ya gina ta a kan haka: tauri ne da ke ƙaruwa gwargwadon saurin ja. 'Yan uwa masu jinya a gida sukan yi kuskuren nan da kyakkyawar niyya. Suna jin hannu ya cije, sai su ƙara ƙarfi da sauri, su ce jijiya ce ta ɗaure sai an karya ta. Abin da kan biyo baya shi ne ciwon kafaɗa, domin kafaɗar ɓangaren da ya shanye ba ta da tsokar da za ta riƙe ta da kyau. A jikin mai lafiya abin bai kai haka tsanani ba, amma tsarin ɗaya ne. Babban yatsan da ya faɗa wa doron wuya kwatsam, tsoka ɗaurarriya zai tarar, kuma shi ya ɗaure ta. Daga nan mai tausa ya ce "kai, jikinka da tauri", ya ƙara dannawa.

Fata ma tana da nata ma'aunin. Saƙon taɓawa na yau da kullum, wanda ke gaya maka inda aka taɓa ka da kaushin abin, yana bin jijiyoyi masu kauri da gudun da ya haura mita 30 a sakan. Amma a fatar da gashi ke tsirowa, kamar dantse da baya da cinya da fuska, akwai wasu siraran jijiyoyi marasa rufi da saƙonsu ke tafiyar kusan mita ɗaya a sakan. Masu bincike a Suwidin ne suka tabbatar da su a jikin mutum a farkon shekarun 1990, ta hanyar soka siririyar allura cikin jijiyar mutum yana farke, suna sauraron zare ɗaya tak. A 2009, Line Löken da abokan aikinta a birnin Gotenbag suka shafi dantsen mutane da burushi mai laushi a gudu shida: santimita 0.1, 0.3, 1, 3, 10 da 30 a sakan. Jijiyoyi masu kauri, iyakar saurin burushi iyakar ƙarar rahotonsu. Siraran kuwa sun fi motsuwa tsakanin santimita 1 zuwa 10, suka yi sanyi a ƙasa da haka da sama da haka. Kuma daɗin da mutanen suka ce sun ji ya bi sawun siraran sak. Wani binciken na 2014 ya ƙara da cewa sun fi amsa shafa mai ɗumin fata, wajen digiri 32, a kan mai sanyin digiri 18 ko mai zafin 42.

Saƙon waɗannan jijiyoyi yana da alaƙa ta musamman da wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira insula, mai lura da halin cikin jiki: ƙishi, bugun zuciya, zafi, natsuwa. Wato aikinsu ya fi karkata ga gaya wa mutum ko taɓawar ta aminci ce. A 2018 masu bincike a Oksfod sun shafi jarirai a gudun santimita 3 a sakan gab da a tsaga musu diddige don ɗibar jini, suka ga alamar zafi a ƙwaƙwalwarsu ta ragu. Shafar santimita 30 a sakan ba ta yi wannan aikin ba. Duk wadda ta taɓa lallashin jariri mai rigima ta san wannan gudun a hannunta, ko da ba ta taɓa auna shi da rula ba.

Lissafin a aikace mai sauƙi ne, amma yana ba sabon mai tausa mamaki. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu wajen santimita 25 ne, kenan a gudun santimita 3 a sakan, shafa ɗaya ta ɗauki sakan 8. Daga gindin wuya zuwa ƙugu wajen santimita 45 zuwa 50, kenan sakan 15 ko sama. Yawancin hannayen da ba a horar ba suna gama bayan mutum cikin sakan biyu. Ka gwada da agogo a kan dantsenka, za ka ji sakan 8 ya yi maka tsawo kamar jiran layi a banki. Wannan jin na "ai na daɗe" shi ne babban abokin gabar mai koyo, kuma shi kaɗai ke jinsa. Wanda ke kwance bai ji an daɗe ba.

Akwai bayanin da ya shahara a makarantun tausa wanda ya kamata a yi masa gyara. Ida Rolf, wadda ta yi digirin digirgir a sinadaran jiki a Jami'ar Kolambiya da ke New York a 1920, ta ɗora aikinta a kan tantanin da ke lulluɓe da tsokoki, farin nan mai yauƙi da mahauci ke saɓulewa daga nama. Magoya bayanta sun daɗe suna cewa matsi mai tsawo yana narkar da shi kamar man kaɗanya a tafin hannu, a sake masa siffa. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Nama mai rai yana sakin jiki a ƙarƙashin ja mai ɗorewa. Peter Magnusson a Kofanhegan ya auna tsokar bayan cinya a shekarun 1990, ya ga in an riƙe ta a miƙe na sakan 90, turjiyarta na faɗuwa da kusan kashi 30 cikin 100, mafi yawan faɗuwar a farkon lokacin. Sai dai kafin awa ɗaya ta koma yadda take. Mutanen da suka yi makonni uku suna miƙa ta kullum kuwa, ƙafarsu ta ƙara nisa, amma taurin naman bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne iyakar da jikinsu ya yarda a kai kafin ya ce ya isa. Wani lissafi da Hans Chaudhry da Robert Schleip da abokansu suka wallafa a 2008 ya nuna cewa matse tantani mai kauri na gefen cinya da kashi ɗaya cikin ɗari kacal yana buƙatar nauyin ɗaruruwan kilo. Babu gwiwar hannun da ke da wannan ƙarfin, in ma akwai, babu cinyar da za ta jure.

Saboda haka laushin da mai tausa ke ji a ƙarƙashin hannunsa bayan minti ɗaya ko biyu na gaske ne, amma galibinsa daga jijiyoyi yake zuwa. Ƙwaƙwalwa ce ta rage umarnin ɗaurewa, ta ɗaga iyakar da take yarda da ita. Wannan ya sauya tambayar gaba ɗaya. In narkar da nama ake yi, mai ƙarfi shi ne gwani. In izini ake nema daga wurin mai jiki, to ƙarfin da ya wuce kima ɓata zance yake yi. Imanin nan na cewa tausar da ba ta sa mutum ƙara ba ba ta shiga ba, shi ke aika mutane gida da tabon jini a ƙarƙashin fata da tsamin jiki na kwana uku, suna murna wai an taɓo wurin.

Feldenkrais ya zo wa lamarin ta wata ƙofa. Injiniya ne da ya yi aiki a ɗakin binciken masanin kimiyya Joliot-Curie a Faris, gwanin kokawar judo, kuma mai tsohon rauni a gwiwa daga ƙwallon ƙafa. Ya jingina hanyarsa da wata ƙa'ida da Ernst Weber ya gano a Jamus a ƙarni na 19: ɗan bambancin da mutum zai iya ji ya dogara ne da yawan abin da yake ɗauke da shi tun farko. A ɗaga nauyi, sai an ƙara wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 kafin a ji. Mai ɗauke da buhun shinkafa mai kilo 50, ko ka ɗora masa albasa biyu ba zai sani ba. Mai riƙe da ambulan, ka jefa ɗan kwabo ciki zai ji. To haka tsoka take. Wanda ya juya wuyansa da ƙarfi da sauri ba zai taɓa jin cewa yana cije muƙamuƙi ko ɗage kafaɗa a lokaci guda ba, ƙaramin aikin banzan ya ɓace a cikin babban. Sai an rage ƙarfi, an rage gudu, sannan ɓarnar ke fitowa fili, kuma abin da mutum bai ji ba ba zai iya dainawa ba.

Ga yadda ake gwada shi a zaune. Ka juya kai dama har inda ya tsaya ba tare da tilas ba, ka lura da abin da idonka ya sauka a kai a bango. Ka dawo tsakiya. Yanzu ka juya kashi ɗaya cikin uku na wancan nisan kawai, sakan huɗu zuwa, sakan huɗu dawowa, sau takwas, numfashi na tafiya yadda ya ga dama. Ka huta sakan 20. Ka sake, amma ka bar kafaɗu da ƙirji su bi kai. Ka huta. Sannan ka kafe ido a wuri ɗaya a gabanka, kai na juyawa kaɗan ido bai bi shi ba, sau biyar ko shida. Ka huta, ka koma gwajin farko. Mutane da yawa sukan ga idonsu ya wuce alamar farko, alhali ba a ja komai ba. Hutun da ke tsakani ba ado ba ne, a nan ƙwaƙwalwa ke gwada kafin da bayan. In wuya ya yi zafi ko jiri ya taso, a tsaya.

Hanna ya ɗauki darasinsa daga miƙar da kyanwa ke yi in ta tashi barci, da irin wadda ke zuwa wa mutum tare da hamma. A miƙa ta gaskiya tsoka tana fara ɗaurewa ne, sannan ta saki a hankali. Ga kafaɗar da ta saba ɗagewa, mai aikin yakan aza tafinsa a kanta, ya ce wa mai ita ya tura ta sama zuwa kunne da kusan rubu'in ƙarfinsa, sakan uku zuwa biyar. Sannan ya sauke ta da kansa, hannun mai aikin na bi da ɗan nauyi, cikin sakan takwas zuwa goma, har ta kai ƙasa ta saki sarai. Saukowar ce aikin. A karon farko ba ta zuwa sumul, takan yi tsalle-tsalle kamar ƙofa mai tsatsa, ko ta faɗo gaba ɗaya a rabin hanya. Wurin da ta yi tsallen shi ne inda mai ita ya rasa linzami. A karo na uku ko na huɗu tsallen kan ragu. In aka sauke ta cikin sakan biyu, ba za a ga tsallen ba balle a gyara shi.

Lawrence Jones, likitan ƙashi da tsoka a jihar Oregon ta Amurka, ya fito da wata dabarar tun a shekarun 1950. A nemo wurin da ke zafi in an danna, a lanƙwasa gaɓar zuwa inda zafin ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, a riƙe sakan 90, sannan a maido ta sannu a hankali, mai jikin bai taimaka ba. Masu koyo sukan riƙe sakan 90 ɗin daidai, sannan su saki gaɓar cikin gaggawa, mazarin tsoka ya farka, a koma gidan jiya. Sauri ya haifi nawa kenan.

Sai kuma halin da mutum ya shigo da shi. Ya fito daga cunkoson hanya, waya na ƙara a aljihu, zai kwanta a gaban wanda wataƙila bai sani ba. Zuciyarsa na sauri, numfashinsa a saman ƙirji, kafaɗu da muƙamuƙi a ɗaure. Sinadarin adirenalin da ke jininsa yana raguwa da rabi duk bayan minti biyu zuwa uku, in babu sabon abin da ya sake tunzura shi. Don haka minti biyar zuwa goma na farko ba na aiki mai zurfi ba ne. Hannu mai ɗumi ya sauka a wuri mai faɗi, kamar tsakanin allunan kafaɗa, ta kan mayafi, ya zauna numfashi biyar ko shida bai motsa ba. Babba a hutu yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma zuciya tana ɗan rage gudu a duk fitar da numfashi. In fitarwa ta fi shaƙa tsawo, misali shaƙa sakan huɗu fitarwa shida, wato sau shida a minti, wannan birkin yana ƙara ƙarfi. Amma umartar mutum ya ja dogon numfashi yakan sa shi ɗage kafaɗa ya cika ƙirji, akasin abin da ake nema. Ya fi kyau mai tausa ya daidaita nasa numfashin, ya riƙa shiga nama a lokacin da mai jikin ke fitar da iska, ya dakata in yana shaƙa.

Shiga wuri mai tauri yana da matakai. A fara da faɗin tafi ko tudun hannu kafin yatsa. A nutsa har inda naman ya fara turjiya, a tsaya a nan. Nauyin ya fito daga jingina jiki, gwiwar hannu a miƙe, domin ƙarfin yatsa kaɗai yakan fara rawa kafin sakan 30, kuma mai jikin yana jin rawar. A jira. Tsakanin sakan 30 zuwa 90 turjiyar kan ja da baya kaɗan, sai a bi ta iyakar inda ta ja, a sake tsayawa. Zafin kada ya wuce inda mutum zai iya numfashi da magana daidai. Masu amfani da ma'aunin ɗaya zuwa goma sukan tsaya a biyar ko shida. Dattijo ko dattijuwa ba lallai su faɗi gaskiya ba, kunya da kara sukan sa su ce "ba komai, ci gaba". Saboda haka tambaya ta zama mai buɗe ƙofa: "Baba, nan da can, ina ya fi damun ku?" ko "Hajiya, in na rage kaɗan haka, ya fi ko a mayar?" Ido kuma na kan yatsun ƙafa da hannu da goshi. Yatsun ƙafa sun naɗe, hannu ya damƙi zanin gado, numfashi ya tsaya: an wuce gona da iri, ko me baki ya ce. Alamun an samu shiga kuwa su ne ajiyar zuciya, haɗiyar yawu, ƙugin ciki, hamma, da nauyin gaɓa da ke ƙaruwa a hannunka. In minti biyu sun wuce wurin bai motsa ba, a bar shi, a yi aiki a maƙwabtansa, a dawo daga baya. Fita ma a hankali ake yi, kamar yadda aka shiga.

A awa ɗaya irin wannan aikin ba zai zagaye jiki duka ba, kuma nan ne rikici da kasuwa ke tasowa. Mai biyan kuɗi yana so a taɓa ko'ina daga ƙeya zuwa diddige don ya ji kuɗinsa sun yi aiki, mai shago yana so a sallami wannan a shigo da na gaba. Wuri uku da aka ba kowanne minti goma sha biyar sun fi wuri goma sha biyu na minti huɗu-huɗu, amma sai an yi wa mutum wannan bayanin tun kafin ya kwanta, in ba haka ba zai tashi yana ganin an cuce shi.

Rage gudu yana da nasa kurakuran. Na farko shi ne a ɗauka sannu na nufin sama-sama. Shafa mai rauni da bakin yatsu, musamman a haƙarƙari da ciki da tafin ƙafa, cakulkuli take yi, ta tayar da jiki. Binciken Tiffany Field ta Jami'ar Mayami, wadda ta kafa cibiyar nazarin taɓawa a 1992, ya sha nuna cewa matsi matsakaici ne ke kwantar da jiki, mai rauni kuwa yakan farkar da shi. Hannu ya zama cikakke, mai nauyi, yana tafiya a hankali. Sannan mai in ya yi yawa, ko na kaɗanya ne ko na zaitun, hannu zai riƙa sulɓewa, ba za a iya riƙe gudu ba. Rabin ƙaramin cokali ya isa dantse, a murza shi a tafi ya yi ɗumi tukuna. Da hunturu, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, jikin da aka buɗe kuma ba a motsa shi yakan yi sanyi da wuri, sanyi kuma ɗaure tsoka yake yi, don haka a rufe ko'ina sai inda ake aiki. Matsi mai tsawo a kan jijiya, kamar bayan gwiwa, cikin gwiwar hannu ko hamata, yana jawo tsira-tsira da mutuwar gaɓa. In mutum ya ce yana jin kamar lantarki na gangarawa, a ɗaga nan take. Gefen gaban wuya, inda jijiyar jini ke bugawa, ba wurin dannawa ba ne ko kaɗan, yana iya saukar da bugun zuciya har mutum ya suma. Akwai kuma hannun da ya tsaya amma hankalin mai shi ya tafi cefane. Mai jiki yana gane wannan fiye da yadda ake zato, domin hannun ya daina bin sauyin da ke ƙarƙashinsa.

Ba kowa ne shiru da jinkiri ke kwantar wa hankali ba. Wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan bindiga, ko haɗarin mota, ko cin zarafi, kwanciya rub da ciki da rufe ido da hannun wani a bayansa na iya dawo masa da abin da yake gudu. Irinsa yakan yi tsit ya sandare, ido a buɗe ba ya kallon komai, numfashi ƙasa-ƙasa, sai marar gogewa ya ɗauka natsuwa ce. Peter Levine, wanda ya yi suna a aikin jiki da masu irin wannan tabon, ya aro dabararsa daga ɗakin gwajin sinadarai, inda ake haɗa abubuwa masu tafasa ɗigo-ɗigo don kada kwalba ta fashe. A nan rage gudu na nufin rage yawa. Mutum ya zauna a kujera da tufafinsa, ido a buɗe, ƙafa a ƙasa. A fara da wurin da ya zaɓa da kansa, sau da yawa hannu ko kafaɗa, sakan 20 ko 30, a ɗaga, a yi magana, ya dubi ɗakin, sannan a koma in ya yarda. A sanar da shi kafin kowace taɓawa. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, in haka ya fi masa. Mai tausa kuma ya san iyakarsa, warkar da tabon zuciya aikin likitan ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara ne.

Sauri ma yana da wurinsa. Ɗan ƙwallon da zai shiga fili nan da minti goma, bubbugawa da girgiza tsoka yake buƙata, kuma riƙe miƙa fiye da sakan 60 gab da wasa yana ɗan rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci. Bubbuga ƙirji don kakkaɓo majina aikin sauri ne. Sannan akwai inda tausa ba ta dace ba komai sanyin hannu: sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo, domin yana iya zama gudan jini ne da zai ɓalle ya tafi huhu, zazzaɓi mai zafi, karaya ko targaɗen da ba a duba ba, gyambo da ƙuna, ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari. Waɗannan na asibiti ne a ranar. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, da mai shan maganin tsinka jini, da tsoho mai raunin ƙashi, matsinsu ya zama kaɗan, domin na farko ba zai ji an wuce iyaka ba, sauran biyun kuma jikinsu ba zai jure ba. Ko a ciwon baya na yau da kullum, abin da bincike ya fi nunawa shi ne sauƙi na gajeren lokaci, wanda ke ɗorewa in mutum ya haɗa da motsa jiki da kansa.

Minti biyar na ƙarshe su ne aka fi sacewa. Wanda ya yi awa ɗaya a kwance cikin ɗumi, jijiyoyin jininsa sun saki, in ya zabura ya miƙe jini zai gangara ƙafafu, ido ya yi duhu. Tsofaffi da masu shan maganin hawan jini da masu azumi sun fi faɗawa wannan. A ɗauke hannu a hankali, a bar shi minti biyu ba magana. Ya juya gefe, ya sauko da ƙafafu, ya tura da hannu ya zauna, ya yi minti ɗaya ko biyu a bakin gado yana motsa yatsun ƙafa. In ya tashi, ya taka ɗakin sau biyu, ya juya wuya ko ya ɗaga hannun da aka yi wa aiki, ya gwada shi da ɗaya ɓangaren kafin ya ɗauki wayarsa.